Rediyon Manhaja da Sadarwa Tsakanin Jirgin Yaƙi da Mutanen Ƙasa: Nazari Daga Yankin Funtuwa da Malumfashi

Tsakure

Jiragen Rundunar Sojan Saman Nijeriya sun fito daga ƙasashe da dama, kowanne da irin na'urar sadarwar da aka ƙera shi da ita. Su kuma sojan ƙasa da 'yan sanda da jami'an tsaron al'umma suna riƙe da nasu rediyoyin dabam. Wannan takarda ta duba abin da rediyon da manhaja ke sarrafawa zai iya yi wajen haɗa waɗannan ɓangarori, ta ɗauki yankin noma na Funtuwa da Malumfashi a matsayin fagen nazari. Matsayarta ita ce sayen na'ura kaɗai ba ya sa runduna ta ji 'yar'uwarta. Abin da ke kawo hakan shi ne salon sigina guda wanda Nijeriya ta mallaka, da mabuɗan sirri a hannunta, da mutumin ƙasa mai horo wanda zai yi magana da matuƙi kafin a saki wuta.

Gabatarwa



Yankin da ya taso daga Funtuwa ya bi ta Bakori har Malumfashi, da Ɗanja da Ƙafur ta gabas, da Ɗandume da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara ta yamma, nan ne Jihar Katsina ta fi samun masara da dawa da auduga da waken soya. Ta yamma ɗin ne kuma gonaki suka yi iyaka da dazuzzukan Zamfara da na Birnin Gwari, inda 'yan bindiga ke fitowa. A Faskari rundunar sojan ƙasa ta ƙaddamar da farmakin Sahel Sanity a watan Yuli na 2020. A daren 11 ga Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Agusta na 2025 aka kashe masallata suna sallar asuba a Unguwan Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi. Ba bare ba ne jirgin yaƙi a sararin wannan yanki, yara ma sun san ƙararsa.

Tambayar da takardar nan ta ɗauko ƙarama ce a baki, amma rayuka na rataye a kanta: idan jirgin ya iso, da wa matuƙinsa yake iya magana?

Abin da kyamara ba ta iya rarrabewa

Daga sama, ayarin babura ayarin babura ne. Ɗan bindiga a kan babur yake, ɗan banga da ya bi sawunsa a kan babur yake, manomin da ke gudun tsira da iyalinsa shi ma haka. Bindigar gargajiya da AK-47 ba su da wani bambanci a allon matuƙi idan ƙura ta tashi. Da damina kuma, in masara ta kai ƙirji, rabin abin da ke motsi a ƙasa ba ya ganuwa. Duk kyawun kyamarar jirgi, hoto take bayarwa. Sunan mutum da ƙauyensu da dalilin fitowarsa sai daga bakin wanda ke ƙasa.

An ga abin da kuskuren gane mutane ke jawowa. A Rann, ranar 17 ga Janairu 2017, jirgin sojan sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, kwamitin binciken hedikwatar tsaro kuma ya ɗora laifin a kan rashin sanya wurin a taswirar aiki yadda ya kamata. A Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, ranar 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi ya hallaka aƙalla mutum 85 a taron Mauludi. Rundunar sojan sama ta fito ta ce ba ita ba ce, daga baya sojan ƙasa suka amsa cewa jirginsu ne. Wato runduna biyu ne ke shawagi da makamai a sarari ɗaya. A watan Janairu na 2025, a Tungar Kara ta Jihar Zamfara, harin sama ya faɗa wa askarawan jihar da 'yan banga waɗanda suka fito tunkarar ɓarayi. Kowane ɗaya daga waɗannan yana da dalilai fiye da ɗaya, kuma ba na cewa rediyo kaɗai zai hana su. Amma dukkansu sun tsaya a kan gaɓa guda: kafin a danna maɓalli, akwai hanyar da mutumin ƙasa zai ce wa na sama "mu ne, kada a harba"?

A ƙauyukanmu kowa ya san yadda labarin hari ke tafiya. Mai waya ya hau tudu neman sabis, ya kira ɗan'uwansa a gari, shi kuma ya kira mai gari ko baturen 'yan sanda, daga nan maganar ta hau sama mataki-mataki har ta isa ɗakin da ake ba jirgi umarni. Kafin ta isa, waɗanda aka gani a bakin rafi sun yi nisan kilomita goma. Wannan igiya ma tana iya tsinkewa: a watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, aka yi watanni a haka. An yi ne don a toshe bakin masu kai wa 'yan bindiga labari, sai dai ya toshe har da bakin mai neman agaji. Ko da a ce ba a sake katsewa ba, bai dace tsaron yanki ya dogara ga turken kamfanin waya wanda ake iya ƙonawa ko a sace masa man janareta ba.

Yadda rediyon manhaja yake aiki

A tsohon rediyo, ƙarafa da wayoyin da ke cikin akwatin su ne ke yanke zangon da zai kama da yadda zai ɗora murya a kan igiyar iska. In ana son sabon salo sai a sayi sabon akwati. A rediyon manhaja kuwa, da zarar eriya ta kamo sigina aka tace shi aka ƙara masa ƙarfi, sai a mayar da shi lambobi, sauran aikin duka manhaja ce ke yi a cikin ƙwaƙwalwar na'urar. Wannan manhaja ita nake kira salon sigina: ita ke ɗauke da zango, da yadda ake ɗora saƙo, da tsalle daga zango zuwa zango don guje wa mai toshewa, da gyaran kurakurai, da kulle saƙo. Akwati ɗaya yana iya ɗaukar salo da yawa, a sauya su kamar yadda ake buƙata, a kuma ɗora sabo ba tare da an kwance jirgi ba.

Amfanin wannan yana fitowa idan aka dubi yadda aka raba zanguna. A al'adar soja, dakarun ƙasa suna magana tsakanin megahaz 30 zuwa 88 da salon FM. Jiragen farar hula da hasumiyar filin jirgi suna tsakanin 118 zuwa 137 da salon AM. Jiragen yaƙi suna tsakanin 225 zuwa 400. Oba-oban da ake sayarwa a kasuwa, irin su Baofeng, suna aiki wajen 136 zuwa 174 da kuma sama da 400. Mutum huɗu na iya tsayawa suna ganin juna, kowa da rediyo mai lafiya a hannu, babu mai jin wani. Rediyon jirgi kamar ARC-210 na kamfanin Collins yana ratsa 30 zuwa 512 gaba ɗaya, sababbin samfuransa kuma manhaja ce ke sarrafa su.

Sai batun nisa, wanda lissafinsa ke goyon bayan jirgi ƙwarai. A waɗannan zanguna sigina yana tafiya ne kusan miƙe, lanƙwasar ƙasa ce ke tare shi. Nisan da zai kai a kilomita shi ne a ninka 4.12 da jimlar tushen murabba'in tsayin eriyoyin biyu a mita. Mutum biyu a tsaye da eriya a tsayin mita 2 ba za su kai kilomita 12 ba ko a fili fetal, balle a cikin kurmi ko bayan dutse. Jirgin da ke tsayin mita 3,000 kuwa yana kaiwa kusan kilomita 225. In yana shawagi a saman Funtuwa, birnin Katsina da Kaduna da Zariya duk suna cikin da'irarsa. Saboda haka jirgi ɗaya mai rediyon da ya dace yana iya zama gada tsakanin 'yan sintiri a Sabuwa da hedikwatar birged ta 17 a Katsina, ko da bai ɗauki harsashi ko ɗaya ba. A ganina wannan aiki na gada ya fi muhimmanci ga yankinmu a kan duk wani abin burgewa da dillalan makamai ke nunawa a baje-koli.

Abin da ya sami waɗanda suka riga mu

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. Lokacin da Amurka ta mamaye tsibirin Girenada a watan Oktoba na 1983, sojanta na ƙasa sun kasa magana da jiragen ruwanta na yaƙi saboda rediyoyinsu ba su dace da juna ba. A farkon shekarun 1990 Joseph Mitola ya shimfiɗa ka'idar rediyon manhaja a rubuce, shirin SpeakEasy kuma ya gwada akwati ɗaya da zai kwaikwayi rediyoyin soja sama da goma tsakanin megahaz 2 zuwa 2,000. A 1997 aka buɗe babban shirin JTRS da nufin maye gurbin kusan duk rediyoyin rundunonin ƙasar. Burin ya yi yawa. An so akwati ɗaya ya yi komai, ya yi nauyi, ya riƙa zafi, kuɗinsa ya hauhawa, har a watan Oktoba na 2011 aka soke ɓangarensa na motocin yaƙi bayan an kashe biliyoyin daloli. Abin da ya tsira shi ne ɓangarorin da aka taƙaita wa aiki, kamar MIDS-JTRS mai ɗauke da hanyar musayar bayanai ta Link 16 a jirage, da kuma ka'idar gina manhaja da ake kira SCA, wadda ke sauƙaƙa ɗaukar salon sigina daga na'urar wani kamfani zuwa ta wani.

Ko jiragen F-22 da F-35, na ƙasa ɗaya kuma na zamani, an ƙera su da hanyoyin bayanai na sirri waɗanda ba sa jin juna kai tsaye. A duwatsun Afganistan kuwa, maganin da Amurka ta samo shi ne ɗora na'urar BACN a jirgin E-11A, ya tsaya can sama yana karɓar magana daga wannan salo yana mayar da ita wancan.

Turai ta bi wata hanya. A 2009 Faransa da Italiya da Sifen da Folan da Finlan da Suwidin suka fara shirin ESSOR, Jamus ta shigo daga baya. Ba su ce kowa ya sayi rediyo iri ɗaya ba. Kowace ƙasa ta riƙe kamfaninta da akwatinta, aka haɗu aka rubuta salon sigina guda wanda kowa zai ɗora. Burazil, inda aka tsara jirgin Super Tucano, ta fara nata shirin rediyon manhaja na tsaro tun 2012, Turkiyya kuma tana da kamfanin Aselsan da ke ƙera nata. Ɗan kasuwar hatsi a Ɗandume zai gane wannan nan take: ko kowa ya zo da sabon kwano mai ƙyalli, ciniki ba ya tafiya sai an yarda da tiya ɗaya.

Sanya rediyon manhaja cikin jiragenmu

A dubi abin da ke hannunmu. Akwai Alpha Jet na haɗin gwiwar Faransa da Jamus tun shekarun 1980, da F-7 daga Sin, da JF-17 guda 3 daga Pakistan da aka ƙaddamar a 2021, da A-29 Super Tucano guda 12 da suka fara isowa ta Kano a watan Yuli na 2021 aka zaunar da su a Kainji, da helikwaftocin Mi-35M na Rasha, da AW109 na Italiya, da T129 na Turkiyya, da jirage marasa matuƙi na Sin irin su CH-3 da Wing Loong II. Kowanne ya zo da tsarin lantarkinsa, da sharuɗɗan ƙasar da ta sayar da shi.

Manhaja ba ta sauya dokar halitta. Eriya mai rubu'in tsawon igiya a megahaz 30 tana kai mita 2.5, a megahaz 300 kuwa santimita 25 ce, don haka faɗin zango yana buƙatar eriya fiye da ɗaya ko wadda ake daidaitawa, kuma kowane hujin da aka yi a jikin jirgi sai injiniyan tsari ya amince. Rediyo biyu a jirgi ɗaya, eriyoyinsu kusa da juna, in ɗaya na watsawa yakan kurumtar da ɗaya, sai an yi aikin tacewa da nisanta su. Akwai wutar da na'urar za ta ci da zafin da za ta fitar, a ƙasar da jirgi ke wuni a rana a watan Afrilu, ƙurar hunturu kuma na toshe hanyar iskar sanyaya ta. Jiragen Yamma da yawa suna haɗa na'urorinsu ta layin bayanai na MIL-STD-1553, na Rasha suna bin nasu tsarin, saboda haka akwatin da ya shiga wannan cikin sauƙi sai an yi masa mahaɗi kafin ya shiga wancan. Ga kuma matuƙin kansa, wanda ke tuƙi yana duba ƙasa yana kiyaye wuta daga daji. In sauya salo zai ɗauke masa ido na daƙiƙa goma, an ƙara masa haɗari ne. Batun wutar daji ba zato ba ne: ranar 18 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet a Zamfara, matuƙinsa Abayomi Dairo ya dira da lema, kuma sanarwar rundunar ta ce da duhun dare da wayarsa ya nemi hanya har ya isa sansanin sojan ƙasa. Ƙaramin rediyon ceto da ke jikin matuƙi, mai kira a megahaz 121.5 da 243, ya kamata ya shiga cikin wannan tsari domin sojan ƙasa mafi kusa su iya jin sa.

Saboda waɗannan dalilai ban goyi bayan a ce za a sauya rediyon dukkan jirage a lokaci guda ba. A fara da jiragen leƙen asiri da marasa matuƙi masu daɗewa a sama, a mayar da su gada. Sai helikwaftoci, tunda su ke aiki kusa da dakaru. Tsofaffin jiragen da suka kusa ajiye aiki a bar su da muryar da suke da ita, gadar ta haɗa su da sauran.

Mabuɗi, da wanda aka ba dama ya yi magana

Nan ne maganar ta fi nauyi. Fasahar da muke yabo ta sauka kasuwa: ƙaramar na'urar RTL-SDR da ake soka wa kwamfuta, mai kuɗi dala 'yan gomomi, tana sauraron duk maganar da ba a kulle ba. Dole a ɗauka cewa abin da aka faɗa a fili ya isa daji. Manyan na'urorin kulle saƙo na Amurka da tashoshin Link 16 ba a sayar da su sai ga ƙasashen da aka amince wa, kuma da sharuɗɗa. Amma tsarin kulle saƙo na AES mai mabuɗin bit 256, wanda aka fitar ga kowa tun 2001, ya isa ga aikin da ke gabanmu, muddin mu ke ƙirƙirar mabuɗan, mu ke rarraba su, kuma muna iya sauya su ta iska mu kashe rediyon da ya faɗa hannun abokan gaba. Rediyon da aka ƙwace daga motar sintiri, in ba a iya kashe shi daga nesa, ya zama kunne da baki ga wanda ya ƙwace shi, har yana iya kiran jirgi a kan ƙauyen da ya ƙi biyan harajin noma.

A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar da jami'ai kusan 1,500. Su ne suka san kowace burtali da kowane rafi, su ne kuma suka fi shiga haɗarin a ɗauke su a matsayin ɓarayi. Ya kamata su shiga tsarin, amma ta ƙofa dabam: tasharsu dabam, mabuɗinsu dabam, rediyonsu yana aika wurin da suke kai tsaye zuwa allon jirgi da na ɗakin umarni. Ina so in jaddada wannan da ƙarfi. Rediyon jami'in al'umma na faɗin "ga mu nan" ne da "ga mutanen gari nan". Bai kamata ya zama hanyar nuna wurin da za a jefa bam ba. Rikicin yankinmu ya cakuɗe da tsohuwar gaba tsakanin manoma da makiyaya, kuma rugar da ba ta ji ba ta gani ba tana iya shan wuta saboda ƙullin wani. Kiran hari aikin soja ne mai horon jagorantar jirage daga ƙasa, wanda ya san bayani mai layi tara da ake bai wa matuƙi, wanda in da hali yana kallon hoton da kyamarar jirgin ke gani kamar yadda na'urar ROVER ke bayarwa, kuma wanda za a tambaya in an yi kuskure.

Wa zai rubuta salon, da inda za a gwada

Masu ilimin suna kusa. Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama da Makarantar Horar da Hafsoshi suna Kaduna, Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Fasahar Jiragen Sama suna Zariya, kamfanin ƙera makamai na DICON yana Kaduna tun 1964. Rundunar da ta fito da jirgi marar matuƙi na Tsaigumi a 2018 ba za ta kasa rubuta salon sigina mai ɗaukar murya da wurin mutum da gajeren saƙo ba. Kayan koyo kamar GNU Radio kyauta ne, na'urorin rediyon manhaja irin su USRP kuma ba su fi ƙarfin sashen injiniya na jami'a ba. Kada dai a maimaita kuskuren JTRS. Salo ɗaya mai sauƙi, mai jure rashin kyawun sigina, ya fi guda goma da ba a gama ba.

Ina ba da shawarar a gwada shi a kusurwar Funtuwa da Faskari da Sabuwa, a ratsa damina ɗaya da rani ɗaya, domin ganyen Agusta da ƙurar Janairu kowanne da irin tasirinsa a kan sigina da na'ura. Abin aunawa shi ne mintoci nawa labari ke ɗauka daga ƙauye zuwa kunnen matuƙi, da sau nawa matuƙi ya samu tabbaci daga ƙasa kafin ya yanke hukunci, da sau nawa wannan tabbacin ya sa ya janye. Janyewa a nan nasara ce, kuma ya kamata a rubuta ta a rahoto kamar yadda ake rubuta hari.

Akwai kuma abin da ba zai jira gwaji ba. Nijeriya ta yi odar jiragen M-346 guda 24 daga kamfanin Leonardo na Italiya, Amurka kuma ta amince a 2022 ta sayar mata da helikwaftocin AH-1Z guda 12. Waɗannan za su yi shekaru talatin ko fiye suna aiki. Duk yarjejeniyar saye ko ta gyara da za a sa wa hannu daga yanzu ta ƙunshi sharaɗin cewa rediyon jirgin zai karɓi salon sigina na Nijeriya, za a miƙa takardun mahaɗinsa da sauran na'urorin jirgin, kuma injiniyoyinmu ne za su ɗora manhajar da mabuɗan a Kaduna ko Kainji ba tare da an jira ma'aikacin kamfani ya zo daga waje ba.